Kafin Ka Miƙa Wa Mai Aikin Wuta Gidanka

Gaisuwa ga mutanen Yagwa da Maga da Dukula da Kalfu, da 'yan'uwanmu na Bongor a ƙetaren kogin Logon, har zuwa Marwa da Garwa. Sharhinmu na yau a kan wutar lantarki yake, amma ba kukan ɗaukewar wuta ya kawo mu ba. Maganar mutumin da muke kira ya ja mana waya a cikin gida za mu yi: wane ne shi, a ina ya koyi aikin, wa ya shaide shi, kuma me ya sa muke jin nauyin tambayarsa.

Aikin wayarin aiki ne da ake binnewa. Da zarar an yi filasta, an rufe silin, an shafa fenti, mai gida ba ya ƙara ganin abin da aka saka masa. Ya danna makunni, ƙwai ya kama, fanka ta juya, sai ya ce aiki ya yi kyau, ya biya kuɗi, a yi sallama. Alhali kamawar ƙwai ba ta shaidar komai. Mugun aiki ma yana kawo haske a ranar farko, illarsa sai bayan wata shida ko shekara biyu take fitowa, kuma sau da yawa cikin dare, mutane na barci. Saboda haka lokacin da mai gida yake da iko a kan lamarin ɗaya ne tak, wato kafin a soma aiki.

Wannan magana ta fi matsa mana yanzu fiye da da. Wutar da arewacin Kamaru ke sha, babban tushenta madatsar ruwa ta Lagdo ce a kan kogin Binuwai, kudu da Garwa, wadda aka kammala a 1982 da ƙarfin megawat 72. A 'yan shekarun nan an ƙara tashoshin hasken rana a Gider da Marwa, megawat 15 kowacce. Wutar tana yin doguwar tafiya kafin ta iso mu, wani lokaci ta zo da rauni, wani lokaci ta dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa. A ɗaya gefen kuma buƙata sai ƙaruwa take yi. Tun da aka buɗe gadar Yagwa zuwa Bongor a watan Afrilu na 2025, zirga-zirga da ciniki sun samu sabuwar hanya, kuma duk inda ciniki ya buɗe, shaguna da firiza da injuna suna biye. Ga injunan casar shinkafa a wannan yanki da kamfanin SEMRY ya mayar gidan shinkafa tun 1971. Ga kuma gidajen da ambaliyar 2024 ta rusa ko ta jiƙa, waɗanda aka sake ginawa, aka sake ja musu waya. Aiki ya yi yawa, masu cewa sun iya su ma sun yi yawa. Duk yaron da ya riƙe wa wani tsani na 'yan watanni, ya sayi tasta da filaya, yana iya amsa sunan mai wuta.

Bari mu leƙa cikin silin mu ga abin da ke faruwa. A watan Afrilu, lokacin da zafin Yagwa ke haura digiri 40 a inuwa, tsakanin kwano da silin ya fi haka nesa. A nan ne wani ya haɗa wayoyi biyu, ya murɗa bakinsu da yatsa, ya naɗe da salatif, ya bar su a kan katako. Mahaɗin da bai ɗauru ba yana ɗumi duk lokacin da wuta ta bi ta cikinsa. Ɗumin yana busar da salatif, ya saki. Jan ƙarfen ya yi baƙi, ya ƙara ƙin wucewar wuta, zafin ya ƙaru. A ƙasa uwargida ta jona dutsen guga, firiza na aiki, yaro ya saka hita a bokiti. Robar wayar ta narke, tartsatsi ya faɗa kan busasshen katako da ƙurar shekaru. Washegari sai ka ji ana cewa wutar lantarki ce ta haddasa. Wutar ba ta yi komai ba face bin hanyar da aka shimfiɗa mata. Wanda ya san aiki ba ya barin mahaɗi a fili: cikin akwatin haɗi yake sa shi, ya ɗaure da maɗauri mai kusa, a inda za a iya buɗewa a duba.

Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musu. Amma addininmu da hankalinmu duka sun hore mu da ɗaukar sababi. Wanda ya ba marar sani wayarin gidansa don ya rage jaka goma, shi ya zaɓi sababin da ya ɗauka.

To me hukuma ta tanada? A Kamaru akwai dokar da ke tafiyar da sashen lantarki, ta ranar 14 ga Disamba 2011, kuma a cikinta an yi tanadin binciken wayarin cikin gidaje da kayan wuta, domin a tabbatar sun dace da ƙa'ida. Akwai hukumar ARSEL mai sa ido a kan sashen, akwai ANOR mai kula da ingancin kaya. Sauran ƙasashe ma haka suke yi. A Faransa, ba a jona wa sabon gida wuta sai da takardar shaidar hukumar Consuel. A Gana, tun dokar wayarin ta 2011, sai mai lasisin hukumar makamashi ke da izinin ja wa gida waya. A Najeriya hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu wannan aiki shaidar ƙwarewa. Duk waɗannan ƙasashe sun gane abu ɗaya ne: mai gida ba zai iya tantance aikin da idonsa ba, dole hukuma ta tantance aikin ko mai aikin. Sai dai doka tana takarda, gidanka kuma yana unguwa. Babu jami'in da zai tsaya a ƙofarka ranar da za ka yi ciniki da mai wuta. Binciken farko naka ne.

Shaidu uku nake ba da shawarar a nema: takarda, aikin baya, da awo.

Mu fara da takarda. A tsarin karatun ƙasar nan, yaron da ya yi shekara 4 a makarantar fasaha, wato CETIC ko zangon farko na lise teknik, a fannin lantarki, yana fita da CAP. Wanda ya ƙara shekara 3 yana iya samun bakaloriya ta F3, ta fasahar lantarki. Sama da nan akwai BTS, shekara 2 bayan bakaloriya, sannan injiniyoyi irin waɗanda babbar makarantar fasaha ta Jami'ar Marwa ke yayewa. Ta ɓangaren ma'aikatar samar da aiki da koyon sana'a kuma akwai CQP da DQP, waɗanda ake samu daga cibiyoyin koyon sana'a. Ba sai an je Yawunde ko Duwala ba, a nan Yagwa muna da lise teknik, haka Marwa da Garwa. In mutum ya ce yana da ɗaya daga cikin waɗannan, ka ce ya nuna maka. Ka haɗa sunan da ke jiki da na katin ɗan ƙasarsa. Ka duba fannin da aka rubuta, domin CAP na kanikanci ko na gini ba na lantarki ba ne. In ba ka karanta Faransanci, ɗanka ko maƙwabcinka zai karanta maka. Haka nan dokar masu sana'ar hannu ta 2007 ta tanadi su yi rajista a ofishin magajin garinsu. Wanda sunansa ke cikin rajista yana da adireshi, kuma in an samu matsala an san inda za a same shi.

Na san abin da wasu za su ce: "Ai manyan masu wutar garin nan ba su da takardar kowa, a hannun ubangida suka koya." Gaskiya ne, kuma ba zan raina su ba. Akwai dattawan da suka shekara 20 ko 30 suna wannan aiki, gidajen da suka yi suna nan lafiya. Akwai kuma mai takarda da bai taɓa gama gida ɗaya shi kaɗai ba. Shi ya sa takarda kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da shaida ta biyu, aikin baya. Ka tambaye shi wane ne ubangidansa, shekara nawa ya yi a hannunsa, kuma ubangidan ne ya sallame shi ko shi ya gudu. Ka ce ya faɗa maka gida biyu ko uku da ya yi wa wayarin, waɗanda suka kwana biyu, ba na makon jiya ba. Ka taka ka je. Ka tambayi masu gidan ko soket ya taɓa baƙi, ko suna jin warin roba, ko firji na jan mutum, ko yana zuwa in an kira shi gyara. Yagwa ba ta yi girman da za a rasa wanda ya san mutum ba. Su kuma waɗannan gwanaye marasa takarda, ya kamata su sani cewa dokar koyon sana'a ta 2018 ta buɗe ƙofar a gwada mutum a kan abin da ya koya a bakin aiki, a ba shi shaida. Su nemi bayani a ofishin ma'aikatar da ke yankinsu, don kada ilimin shekaru ya zauna ba shi da hatimi.

Ko ba ka san lantarki ba, akwai tambayoyin da za su nuna maka zurfin mutum cikin 'yan mintoci. Ka ce masa: "Malam, wace waya za ka sa wa fitilu, wace za ka sa wa soket?" Wanda ya sani zai amsa nan take: ta 1.5 ga fitilu, ta 2.5 ga soket, mai kaurin 4 ko 6 ga manyan kaya masu jan wuta, kuma na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa kowanne da layinsa daban. Zai ma riga ka tambaya: "Alhaji, me da me za ka jona? Akwai firiza? Nan gaba za ka ƙara ɗaki?" Wanda bai tambaye ka kayan da za ka yi amfani da su ba, da me zai auna wayar da zai saya? Wutarmu ta gida bolt 220 ce. Layin soket mai makatsar amfiya 16 iyakarsa wajen wat 3,500, kuma dutsen guga da hita kaɗai suna iya cinye mafi yawan wannan. In an ja layin da siririyar waya, aka sa masa babbar makatsa, wayar za ta ƙone makatsar ba ta faɗi ba.

Ka sake tambayarsa: "Za ka sa wayar ƙasa?" In ya ce, "Haba Alhaji, ai nan ba a sa ta, ɓarnar kuɗi ce," to ka gode masa, ka nemi wani. Wayar ƙasa ita ce mai launin kore da rawaya, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta zubo a jikin firji ko injin, ta nan take bi ta tafi, maimakon ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Abokiyar aikinta ita ce makatsar kare rai, wadda masu aikin ke kira difaransiyel, mai lamba 30 miliamfiya. Wannan tana yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji wuta na zuba inda bai kamata ba. Babbar makatsar da ke kusa da mita ba domin wannan aka yi ta ba. Ku tuna su wa ke yini a gida: mata masu wanki da girki da hannu a jiƙe, da yara masu yawo ba takalmi a kan siminti mai laima. Kuɗin makatsar kare ran nan bai kai na wayar salular da yawancinmu ke riƙe da ita ba.

Sai maganar kaya. Kasuwa cike take da wayar da in ka gani za ka rantse jan ƙarfe ce. Ka karɓi guntu, ka feɗe robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. In ja ne har ciki, jan ƙarfe ne. In farin ƙarfe ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyon ne aka yi wa rufi, ko ma baƙin ƙarfe, wanda maganaɗisu zai kama. Irin wannan waya ba ta ɗaukar nauyin da aka rubuta a jikinta, tana saurin zafi, tana karyewa a mahaɗi. Akwai kuma wadda aka rubuta wa 2.5 amma kaurinta bai kai ba. Mai aikin kirki ya san waɗannan, zai raka ka kasuwa ya nuna maka bambanci. Araha ba ta ado, balle a abin da za a rufe cikin bango shekara da shekaru. Ka nemi ya rubuta maka lissafi a takarda kafin a fara: yawan waya da kaurinta, yawan soket da makatsai, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, da sunansa da sa hannunsa. Kada ka biya duka a farko. Ka riƙe wani kaso sai an gama an gwada.

Gwajin nan shi ne shaida ta uku, awo. Tasta mai ɗan haske a gindi tana nuna akwai wuta ne kawai, ba ta faɗin nawa ce, ba ta faɗin ko wayar ƙasa na aiki. Mai sana'a na gaskiya yana da na'urar awo, kuma ya san karanta ta. Ka roƙe shi ya kira ka kafin a rufe bango da silin, ka ga wayoyin suna cikin bututunsu, ka ɗauki hoto da wayarka don gobe in za a kafa ƙusa a san inda suka bi. Ranar gamawa ya auna kowane soket a gabanka, ya danna maɓallin gwaji na difaransiyel ka ga wuta ta yanke, ya rubuta a jikin allon makatsai wacce ce ta wane ɗaki. Wanda ya yi aiki mai kyau yana jin daɗin wannan rana, domin ita ce tallarsa.

Mu mutanen bakin Logon muna da ƙarin abin lura. Mun ga ruwa a 2012, mun gan shi a 2022, mun sake ganinsa a 2024. Gidan da ruwa ya shiga, ko da ya janye bango ya bushe a ido, laima da laka suna nan cikin soket da bututu. Kada a mayar da wuta sai wanda ya sani ya buɗe ya auna. Mai sabon gini a unguwar da ruwa ke kaiwa kuma ya tattauna da mai aikinsa a ɗaga soket da allon makatsai sama da inda ruwa ya taɓa tsayawa. Masu sa sola su ma kada su ce ai wutar batir ba ta kisa. Batir yana iya tura wuta mai yawan gaske ta cikin waya, in wayar siririya ce ko babu fis kusa da batir, gobara tana tashi kamar ta kowace wuta. Mai janareto kuma dole ya sa makunnin sauya layi, don kada wutarsa ta koma kan layin gari ta kashe ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton an yanke.

Akwai iyaka da kowa ya kamata ya sani. Daga falwaya zuwa mita, hurumin kamfanin wuta ne. Daga bayan mita zuwa cikin gida, naka ne da mai aikinka. Duk wanda ya ce maka zai hau falwaya da dare ya jona maka, ko zai taɓa mita ta rage gudu, ya riga ya gaya maka irin mutumin da yake. Wanda ya yarda ya cuci kamfani domin ka, ba abin da zai hana shi cutarka a kaurin waya. Ga tara da shari'a in an kama, kuma a kan mai gida suke faɗawa.

To in duk wannan a fili yake, me ke hana mu tambaya? Kunya ce da kara. Ɗan maƙwabci ne, ko ƙanen matar aboki, ko tare kuke sallah a masallaci ɗaya, sai ka ga kamar in ka ce ya nuna takarda ka ci fuskarsa. Amma idan wani ya zo neman auren 'yarka, ko ɗan wane ne shi, sai ka yi bincike: sana'arsa, halinsa, abokan zamansa. Babu mai kiran wannan cin fuska, kowa ya san haƙƙin yarinya ne. Wannan yarinya da ƙannenta da mahaifiyarsu su ne za su kwana ƙarƙashin wayar da za a ja. Tambaya cikin mutunci ba ta ɓata zumunci. Kana iya cewa, "Ɗana, ba raina ka na yi ba, al'adata ce duk wanda zai yi mini aikin wuta sai na ga inda ya yi a baya." Wanda ya iya zai yi murna ya kai ka. Wanda ya fusata, fushinsa ya ba ka amsa. In kana son taimaka wa yaron unguwa mai koyo, hanya tana nan: ka ba ubangidansa aikin, shi ya yi a ƙarƙashin idonsa.

Ina kira ga iyayen gidan sana'a, kada ku saki yaro ya karɓi aikin gida shi kaɗai kafin ya nuna, domin sunanku yake ɗauke da shi duk inda ya je. Ku haɗa kanku cikin ƙungiya mai rajista, ku san naku, ku tsawata wa mai ɓata muku suna. Ina kira ga ofisoshin magajin gari na yankinmu na Mayo-Danay su fitar da sunayen masu aikin wuta da suka yi rajista, a liƙa inda kowa zai gani. Ina kira ga shugabannin kasuwa, inda shago ke manne da shago kuma layi ɗaya ke ciyar da rumfa goma, su sa a riƙa duba wayoyin kasuwa kafin shigowar bazara. Limamai da masu unguwa su ma suna da bakin da ake ji, kuma masallatai da makarantun allo da na Islamiyya suna cikin wuraren da suka fi buƙatar a duba musu waya.

Ku kuma iyaye mata, ku ne kuka fi kowa sanin halin wutar gida. In kun ji warin roba, ko soket ya yi zafi, ko firji ya fara ja, ku kashe babbar makatsa, ku matsa wa maigida a kira wanda ya sani. In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu: a yanke wutar, ko a ture shi da busasshen itace. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an yanke wuta, yashi ake fara watsawa, lambar 'yan kwana-kwana kuma ita ce 118.

Wanda ke da gini a hannu, ya nemi takarda, ya je ya ga aikin baya, ya tsaya a yi awo a gabansa. Wanda gidansa ya daɗe da waya kuma, ya kira masani ya duba masa tun kafin zafi ya kankama. Allah Ya tsare mu da iyalanmu daga gobara da sauran masifu, Ya sa albarka a sana'ar masu neman halal.